Tarihin Nazarin Tayi: Muhawarar da Ta Ɗauki Ƙarnoni

Gabatarwa

Wannan ɗan rubutu zai duba wata tambaya da ta daɗe tana raba kan masana: shin jariri cikakke yake tun cikin iri, sai dai ya ƙara girma, ko kuwa gaɓoɓinsa ginuwa suke yi ɗaya bayan ɗaya?

Ra'ayin Farko

Aristotal, masanin Girka da ya rasu a shekarar 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya riƙa fasa ƙwan kaza a ranaku daban-daban bayan kaza ta hau kwanci. Ya ga ɗigon zuciya yana bugawa tun wajen kwana 3, alhali sauran jikin ɗan tsako bai fito ba. Saboda haka ya ce ginuwa ake yi sannu a hankali. A 1651 William Harvey na Ingila ya goyi bayansa.

Ra'ayi Na Biyu

Zuwan madubin ƙara girman abubuwa bai kashe gardamar nan take ba. A 1677 Leeuwenhoek na Holan ya ga ƙwayoyin maniyyi suna motsi. A 1694 Hartsoeker ya zana ɗan mitsitsin mutum a dunƙule cikin kan ƙwayar maniyyi, ko da yake bai ce ya gan shi da idonsa ba. Zato ne ya mayar zane.

Yadda Aka Warware

A 1759 Caspar Wolff, Bajamushe, ya koma kan ƙwan kaza, ya nuna cewa gaɓoɓi suna fitowa ne daga abin da ba shi da siffa tun farko. A 1827 Karl von Baer ya gano ƙwan dabba mai shayarwa a jikin karya. A 1876 Oscar Hertwig ya ga ƙwayar namiji ta haɗe da ta mace a wata halittar teku mai ƙaya. Nan aka tabbatar cewa uwa da uba duk suna da rabo a cikin tayi.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, ra'ayi na biyu ya yi ƙarfi fiye da shekara 100, kuma manyan masana ne suka riƙe shi. Abin da ya kayar da shi shi ne komawa ga ƙwai a sake dubawa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Duk wanda zai rubuta kundin kammala digiri, kada ya tsaya ga abin da magabata suka faɗa: ya fita fili, ya saurara, ya rubuta abin da ya tarar.