Ilmin Ci Gaba Mai Ɗorewa a Ƙaramar Sakandare

Tun daga shekarar 1987, lokacin da kwamitin Brundtland na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahotonsa, ake ta batun ci gaba mai ɗorewa, wato al'umma ta mori ƙasa da ruwa da daji ta yadda 'yan baya za su tarar da rabonsu. Taron Rio de Janeiro na 1992 ya keɓe wa ilmi babi na 36 a kundin Ajanda 21, sannan hukumar UNESCO ta jagoranci shirin shekara goma, daga 2005 zuwa 2014, domin shigar da wannan ilmi makarantu.

Abin tambaya shi ne, ina za a sa shi? Jadawalin ƙaramar sakandare a cike yake maƙil, kuma sabon fanni sai da sabon malami da sabon littafi. Abin da ya fi dacewa shi ne a cusa shi cikin darussan da ake da su.

Alal misali, a darasin kimiyya malami zai iya cika faranti biyu da ƙasa, ɗaya da ciyawa, ɗaya tsurarta. Sai a jingine su a karkace, a zuba wa kowanne ruwa gwangwani guda, a tari abin da ya gangaro a kwalba. Da idonsu ɗalibai za su ga wadda ta fi laka, zaizayar ƙasa ke nan. A lissafi kuwa ga Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, amma bayan farin shekarun 1970 da 1980 ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma.

Gawo ma darasi ne sukutum. Yakan kaɗe ganyensa da damina, saɓanin sauran itatuwa, don haka ba ya tare wa gero rana. Ganyen ya zama taki, saiwoyinsa su ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, 'ya'yansa kuma dabbobi su ci da rani. Manomi ya daɗe da sanin wannan, ɗansa ne kawai ba a faɗa masa a aji.

Babban cikas shi ne jarrabawa. Malami yakan fi mai da hankali ga abin da za a tambayi ɗalibansa, saboda haka muddin masu tsara tambayoyi ba su taɓo zaizayar ƙasa ko sare itatuwa ba, farantan nan biyu za su ci gaba da zama a kabad.