Kifi mai tsaron gidansa

Demwazel wani ɗan ƙaramin kifi ne na teku. Da faransanci ma'anar sunansa « budurwa », amma faɗa gare shi. Akwai wani irinsa baƙi mai ɗigo fari 3. Yana zaune cikin duwatsun murjani na Bahar Maliya da tekun Indiya.

Demwazel yana zaɓen kogonsa. Duk kifin da ya kusato, ko ya fi shi girma, sai ya kore shi da cizo. Namijin ne ke tsaron ƙwai har su ƙyanƙyashe.

Ana kiwon shi cikin akwatin gilashi. Kowace litar ruwa tana son gishirin teku wajen giram 35. Gishirin miya ba ya yi. Zafin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27.

In akwatin ƙarami ne, kifin da aka kora ba shi da maɓoya. Sai ya daina ci, ya mutu. Don haka ake jera duwatsu masu koguna da yawa. Kuma demwazel ake sawa daga ƙarshe, kada ya mai da akwatin duka nasa.

Tambayoyi
1. Ina demwazel yake zaune?
2. Don me ake sa shi daga ƙarshe?