Ƙagewar Kafaɗa: Yadda Za Mu Gane Ta, Mu Kula da Ita

Jama'a, a nan Ƙala'at an-Nahal muna yawan jin iyayenmu mata na cewa ɗaukar jarkar ruwa ta gagara, har ɗaura ɗankwali ya zama aiki. Sau da yawa ƙagewar kafaɗa ce: tantanin da ya lulluɓe gaɓar ne ke kumbura ya tsuke. Ta fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60, da masu ciwon sukari, da wanda hannunsa ya daɗe a ɗaure bayan rauni.

Alamominta: ciwo ne ke farawa, ya fi tsanani da dare. Sai kafaɗa ta ƙage, ko wani ya ɗaga mana hannun ba ya miƙewa. Daga baya ta saki sannu a hankali, cikin shekara ɗaya zuwa uku.

Abin yi kullum:
1. Mu gasa wurin da tsumma mai ɗumi, minti 10.
2. Mu sunkuya, mu bar hannun ya yi lilo.
3. Mu taka yatsu a jikin bango zuwa sama, iya inda za mu jure.

Farasitamol na rage zafin. Mai ciki, ko gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, kada ya sha ibuprofen sai da izinin likita. Mu je asibiti a auna sukari. Wani lokaci ana yin allura a gaɓar.

Kada a fizge hannun, kada a yi sakiya. In da zazzaɓi, faɗuwa, ko ciwon ƙirji, a garzaya asibiti.

Allah ya ba mu lafiya.