Bashi Ne Ko Kyauta? Nasiha Ga Matasan Gwandu Da Kalgo

 Duk lokacin da wata jarrabawa ta sauko wa ƙasar nan, annoba ce ko ambaliya ko tsadar mai, ba a jimawa sai a ji gwamnati ta ware kuɗi don masu ƙananan sana'o'i. Nan da nan labari ya cika gari: an buɗe fom, wane ya cike, wance ta ga alat. Ina ganin yadda kuke tururuwa shagunan kwamfuta, kowa da lambar BVN ɗinsa a rubuce, kuma ban ga laifinku ba, domin mai neman jari ba zai ji an buɗe ƙofa ya zauna ba. Roƙona ɗaya ne. Kafin ku miƙa lambar nan, ku tsaya ku tambaya: wannan kuɗin bashi ne ko kyauta?

Rashin yin wannan tambayar ya jefa gidaje da yawa cikin damuwa a shekarar 2020. A watan Maris na shekarar, Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 don rage raɗaɗin korona, aka bi da kuɗin ta bankin NIRSAL. A lokacin, magidanci na iya samun har naira miliyan 3, mai ƙaramar masana'anta har miliyan 25, da ruwa kashi 5 cikin ɗari wanda daga baya zai koma kashi 9. Wannan bashi ne, da takardarsa da wa'adinsa. Can gaba a cikin shekarar kuma aka fito da Survival Fund na naira biliyan 75, ƙarƙashin kwamitin da Ambasada Mariam Katagum ta jagoranta. A nan ne aka bai wa masu sana'ar hannu da masu sufuri, irin su tela da makanike da direba, naira dubu 30 sau ɗaya, aka kuma yi wa ƙananan sana'o'i rajistar suna kyauta. Wannan ba a biya. To, amma a bakin jama'a duka biyun suna ɗaya suka ci: kuɗin korona. Mutum ya karɓi na farko yana yi masa kallon na biyu, ya sayi babur na hawa, ya sake waya, ya ƙara aure, har ya manta ya taɓa sa hannu a wata takarda.

Banki kuwa ba ya mantuwa. Tun ranar 1 ga Agusta 2020 Babban Banki ya fara aiki da wani tsari da ake kira GSI, wanda ya ba banki damar cire kuɗinsa daga kowane asusu da ke ɗauke da BVN ɗin wanda ya ci bashi ya ƙi biya, ko da a wani bankin ne. Amincewa da hakan tana cikin takardun da ake sa wa hannu ba a karanta ba. Shi ya sa za ku ji mutum ya sayar da albasarsa a Aliero, an tura masa kuɗi, kafin ya isa wurin mai POS an kwashe, ya yi ta rantsuwa an yi masa sata. Ba sata ba ce, tsohon bashi ne ya biyo sawunsa.

Mu mutanen Kebbi ma bai kamata a ba mu labarin wannan ba, domin a gidanmu aka fara babban darasin. Ranar 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers, bashin noman shinkafa da alkama. Tsarin mai kyau ne: a ba manomi iri da taki da maganin feshi da ɗan kuɗin aiki, idan ya girbe ya biya da shanshera ta hannun kamfanin da zai saya. Waɗanda suka riƙe amana sun ga amfaninsa, sunan jihar nan ya ɗaukaka, har aka yi shinkafar Lake Rice tare da jihar Legas a 2016, aka buɗe babbar masana'antar WACOT a Argungu a 2017. Akwai kuma bayin Allah da suka yi noma tsakani da Allah, ambaliyar 2020 ta shafe musu gonaki a fadama. Waɗannan ba da su nake ba, abin tausayi ne, kuma sun cancanci sassauci. Ina magana ne a kan wanda ya karɓi taki da safe ya kai shi kasuwa da yamma, da wanda bai taɓa riƙe fartanya ba amma sunansa ya shiga jerin manoma. Kuɗin da aka zuba a shirin a faɗin ƙasa ya haura naira tiriliyan 1, kaso mai yawa bai dawo ba. Da aka sauya shugabancin Babban Banki a 2023, sai sababbin shugabannin suka ce sun janye hannu daga irin waɗannan rance, suka koma bin bashi. Wa aka cuta? Ƙannenku da suka taso yanzu da ƙarfinsu da niyyar noma, suka tarar an rufe ƙofar.

Maganar da ta fi ci mini rai ita ce wadda nake ji a majalisa: ai kuɗin gwamnati ne, rabonmu ne muka karɓa. 'Ya'yana, gwamnati ba ta da gona. Abin da ke hannunta dukiyar jama'a ce, da ta maraya da ta tsohuwar da ba ta san hanyar banki ba. Kada ku ce mini manya ma suna ci. Na sani, kuma kowa zai amsa tasa tambayar shi kaɗai. Ku tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan bashi ta sauka, a kan rubuta shi da kafa masa shaidu. Ku tuna an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gawar wani mai bashi, bai sallace ta ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Gwandu garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne, a nan yake kwance, kuma an san shi da tsantseni a kan abin da ba nasa ba. Bai dace a ce a ƙasarsa ne aka mayar da cin bashi wayo ba.

Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da maganar ruwa ba, ya sani a 2020 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin irin waɗannan rance marasa ruwa. Ya tambayi banki ko akwai wannan ɓangaren, ya kai takardar wurin malaminsa a duba masa.

Ban ce kada ku ci bashi ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma ku auna shi da watan da kasuwa ta fi mutuwa, ba watan da ta fi ci ba. Mai shayi ko mai ɗinki da ke cin abinci da ɗaliban Jami'ar Tarayya a hanyar Kalgo zuwa Bunza ya san yadda wurin yake komawa idan an tafi hutu, balle a shiga yajin aiki irin na 2022 da ya ɗauki wata takwas. Mai ajiyar albasa ya san rabin rumbu na iya ruɓewa kafin farashi ya tashi. Idan ka lissafa abin da za ka riƙa biya duk wata ka ga a irin wannan lokacin sai ka taɓa uwar kuɗi, to rage abin da kake nema. Wanda sana'arsa ke buƙatar dubu 200 ya karɓi miliyan 1, sauran dubu 800 ɗin ba jari ba ne, kuma da wuya su kwana a sana'ar.

Sai maganar ejan. Waɗannan shirye-shirye ba a sayar da fom ɗinsu. Duk wanda ya ce ku kawo wani abu ya sa sunanku, ko a raba kuɗin da shi idan sun fito, ku sani shi zai ci nasa ya tafi, ku banki zai nema da cikakken adadin. Lambar sirrin katinku da lambar da banki ke turo muku ta waya kada ku faɗa wa kowa, ko da ya ce daga Abuja yake kira.

'Ya'yana mata, ku ne kuka fi ba ni tausayi a nan. Sau da yawa yaya ko miji ko wani ɗan unguwa ke karɓar BVN ɗinku ya ce zai cike muku, kuɗi su fito ku ga ɗan abin da aka ga dama, bashi kuwa ya hau sunanku. Ku ce a karanta muku takardar a gabanku, ku ji adadin da kunnenku. Wannan ba rashin kunya ba ne. Ku kuma maza, ku ji tsoron Allah a kansu.

Bayan cire tallafin mai a 2023 an sake yin irin waɗancan tagwayen: naira dubu 50 kyauta ga masu ƙananan sana'o'i miliyan 1 a faɗin ƙasa, da kuma rance har naira miliyan 1 da ruwa kashi 9 ta Bankin Masana'antu. Wasu ma za su biyo baya. Idan kyautar ce ta zo muku, ku zuba ta a sana'a gaba ɗaya kafin 'yan taya murna su ji. Wanda kuma yake da tsohon bashi a wuyansa, kada ya sauya layi ya ɓuya. Ya wanke ƙafa ya je bankin da kansa, ya nemi a faɗa masa abin da ya rage, ya roƙi a rarraba masa, ya fara biya ko da dubu biyu-biyu ne, kuma ya adana rasit. Ya sanar da iyalinsa adadin tun yana da rai da lafiya. Allah ya warware mana, ya sa wa nemanku albarka.