Ruwa a Hancin Inji: Yadda Ake Kare Babbar Mota a Lokacin Damina

Yankin kudancin Jihar Kano, wato ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, ya fi sauran sassan jihar samun ruwan sama. A wajejen Doguwa ruwan shekara yakan zarce milimita 1,000, kuma watan Agusta ne ya fi yawan ruwa. Manyan motoci da ke ratsewa daga Kwanar Ɗangora, su bi ta Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Jos, da waɗanda ke kai taki ƙauyukan Riruwai da kewayen madatsar ruwa ta Tiga, duk sukan ci karo da rafuka da kududdufai. Direbobi da yawa sun fi tsoron kafewa a taɓo, alhali kuwa ruwan da bai cika kofin shayi ba yana iya kashe inji ƙurmus idan ya bi ta hanyar iska.

Yadda inji yake numfashi

Injin gas, wanda Bajamushe Rudolf Diesel ya yi nasarar gwadawa a 1897, ba ya amfani da fulogi. Fistan yakan sauka ya zuƙo iska cikin silinda, sannan ya hau ya matse ta har ta koma kamar kashi 1 cikin 17 na girmanta. Wannan matsi shi ke sa zafin iskar ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyas, ta yadda da zarar nozul ya fesa mai sai ya kama da wuta.

A ɗauki misalin injin OM352 na kamfanin Mercedes-Benz, wanda aka sani a tsofaffin motocin nan na 911. Silinda 6 gare shi, kuma jimillar cikinsu lita 5.7 ce. Idan yana juyi 2,000 a minti, yakan zuƙi iska wajen lita 5,700, wato kusan lita 95 a kowace daƙiƙa. Zuƙa mai ƙarfi irin wannan ba ta tantance iska da ruwa. Duk abin da ya zo bakin bututu ciki zai wuce.

Dalilin ɓarnar

Iska tana matsuwa, amma ruwa ba ya matsuwa sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A wannan injin kowace silinda tana ɗaukar kusan mililita 950, amma idan fistan ya kai ƙarshen hawansa, filin da ya rage bai fi mililita 60 ba, kwatankwacin cokali 4 na cin abinci. Idan ruwan da ya shiga ya fi haka, fistan zai daki ruwan kamar ya daki dutse. Da yake nauyin mota da sauran silindodi suna ci gaba da juya karanshaf, ƙarfin yakan ƙare a kan sandar da ke haɗa fistan da karanshaf. Sai ta lanƙwashe ko ta karye, wani lokaci ma ta huda bulok.

Ƙaramin ruwa ma yana da tasa illar. Matatar iska ta takarda, wadda makanikai ke kira iya-kilina, idan ta jiƙe ƙurar jikinta takan zama laka ta toshe ta. Inji sai ya rasa ƙarfi ya riƙa baƙin hayaƙi, kuma takardar tana iya yagewa ta bar yashi ya shiga ya cinye ringi. A tsofaffin motoci masu matata mai kaskon mai kuwa, ruwa yakan kwanta ƙarƙashin man ya ɗaga shi sama, har inji ya zuƙe shi.

Matakan rigakafi

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Kafin damina ta kankama ya kamata mai mota ya lura da waɗannan abubuwa:

1. Ya san inda bakin bututun iska yake da tsayinsa daga ƙasa. Motocin da bakin nasu ke ƙasa kusa da taya ana iya yi musu dogon bututu zuwa saman kan mota, muddin faɗinsa bai gaza na asali ba, domin siririn bututu shaƙe inji yake yi.
2. Ya tabbata hular da ke rufe kan bututun tana nan. Ɗaure bakin da leda ko tsumma kuskure ne babba, saboda inji zai zuƙe su.
3. Ya duba tiyo da maɗaurai daga matata zuwa inji. Dogon bututu ba shi da amfani idan akwai tsaga a ƙasa.
4. Ya share 'yar robar nan mai lafaffen baki da ke ƙasan gidan matata. Aikinta fitar da ƙura da ruwa. Idan ta toshe ruwa zai taru, idan ta faɗi ruwa zai shigo.
5. A wurin wankin mota kada a saita tiyon ruwa ga bakin bututun.

Tsallake ruwa

Idan ruwa ya shafe kwalbati, direba ya tsaya a auna zurfinsa da sanda. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 60 yana iya tafiya da yawancin ƙananan motoci, kuma yana iya zaizaye hanya ƙarƙashin babbar mota. Irin wannan ruwa jiransa ake yi ya janye. Idan mai ƙetaruwa ne, a shiga da ƙaramar giya, a hankali, ba tare da canza giya ba. Gudu yakan tara igiyar ruwa a gaban mota ta haura inda bai kamata ba. Haka kuma kada a shiga lokacin da wata motar ke tahowa, domin igiyar da ta turo ita ma tana iya kaiwa bakin bututu.

Idan inji ya mutu a cikin ruwa

A nan ne asara ta fi aukuwa. Sau da yawa injin da ya tsaya yana da sauran lafiya, amma yin kik ko tura mota sai ya lanƙwasa sandar fistan. Abin yi shi ne a janyo motar zuwa tudu, a buɗe gidan matata. Idan an tarar da laima, makaniki ya kwance nozul duka, ya juya inji da hannu har ruwan ya fito. A motocin zamani masu turbo, irin su Howo da DAF, sai an zubar da ruwan da ya kwanta a na'urar sanyaya iska da ke gaban lagireto. Bayan haka a duba baƙin mai: idan ya yi fari kamar madara, ruwa ya gauraya da shi, dole a canza shi tare da matatarsa, a kuma sa sabuwar matatar iska.

Wannan aiki yakan ci yini guda da kuɗin mai da matata. Injin da sandarsa ta huda bulok kuwa sai dai a nemi wani, kuma motar da ya kamata ta kwashi masara da shinkafa zuwa kasuwar Dawanau da kaka za ta ƙare lokacin ne a gareji.