Yadda Ake Fita Fatsa a Gulbin Rima a Dawo Lafiya

In hirar kamun kifi ta kankama a majalisa, a Sabon Birni ne ko a Isa, abin da za ka ji shi ne girman tarwaɗar da ta tsinke wa wane zare, da gurbin da wane ya gano ya ƙi faɗa wa kowa. Da wuya wani ya tambayi wa ya iya ruwa cikin waɗanda za su fita gobe. Wannan bayani na malamin makaranta ne da ma'aikaci da ɗalibin da ya zo hutu, masu fita fatsa don sha'awa. Sarkawa da suka gaji su kaka da kakanni ba sa bukatarsa. Mai sha'awa baƙo ne a kan ruwa, kuma yawancin abin da zai dawo da shi gida a tudu ake shirya shi, tun jirgi bai motsa ba.

Da farko: zaɓi lokaci

Ruwan wannan yanki ba na nan ba ne kaɗai. Gagare da Bunsuru suna gangarowa daga Zamfara su haɗu a ƙasar Isa, Gulbin Maraɗi kuma ya shigo daga Nijar ya tarar da su, a tafi a matsayin Rima har madatsar Goronyo. Saboda haka sama na iya zama tas a Sabon Birni, gulbi kuma ya cika cikin dare da ruwan da aka yi a wajen Ƙauran Namoda ko Zurmi. Alamarsa a fili take: ruwa ya yi ja, yana tafe da kumfa da karare da itatuwa. Ranar da ka ga haka, ka fasa.

Agusta da Satumba ba watannin mai koyo ba ne. Ka jira kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, lokacin da ruwa ya ja baya ya bar tafkuna a fadama, kifi ya yi ƙiba ya taru wuri guda. Da rani ya yi nisa gulbin kan koma rairayi da 'yan gurabu, ba ka ma bukatar jirgi. Wanda zai yi fatsa ƙasa da madatsar Goronyo yana da ƙarin tambaya: yaushe za a saki ruwa? Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da madatsar, wadda aka gama ginawa a 1984, kuma mutanen ƙauyukan da ke ƙasa da ita ba su manta da ambaliyar Satumbar 2010 ba.

Na biyu: tambayi labarin hanya

Kowa ya san halin da Isa da Sabon Birni suke ciki da 'yan bindiga. Bakin gulbi da duhun fadama wuraren ratsawarsu ne, kuma labarin jiya ba ya aiki yau. Ka tambayi mai unguwa da masu jirgi da 'yan kabu-kabu da safiyar ranar. In aka ce maka hanya ba daɗi, magana ta ƙare. Ka tsaya a mashayar da ke kusa da gari, inda ake wanki da shayar da dabbobi, ka bar gurbin nesa komai daɗin labarinsa.

Ka faɗa wa wani a gida mashayar da za ku shiga, da sunan mai jirgi, da lokacin dawowa. Kada ka dogara da waya kaɗai. A 2021 an rufe layukan sadarwa na waɗannan ƙananan hukumomi na tsawon makonni, yau ma akwai kwarin da ba a samun layi.

Na uku: gaida Sarkin Ruwa

Samari kan tsallake wannan, suna ganin tsohon yayi ne. Kuskure ne. Ruwa yana da masu shi. Akwai tafkin da aka hana taɓawa sai ranar su na gayya, akwai inda wani ya shimfiɗa kalli ko ya ja mamari tun jiya, akwai ramin da aka haƙa yashi ya bar zurfin da ba a gani daga sama. Duk Sarkin Ruwa ya sani, shi da yaransa.

Ka je da ɗan goro, ka cire takalmi, ka ce: "Ranka shi daɗe, mun zo gaisuwa. Muna son mu taɓa fatsa gobe da sahe, in da izini." Mai yiwuwa ya amsa da tambaya: "Ɗana, ku nawa ne? Wa ya iya ruwa cikinku?" Ka faɗi gaskiya. Wanda ya iya ratsa kududdufin bayan gari bai iya gulbi ba. Ka roƙi ya haɗa ku da matuƙi na hannunsa, ku kuma yanke kuɗi tun a nan, don kada ciniki ya tashi a tsakiyar ruwa.

Na huɗu: duba jirgi, ka ƙirga kai

A nan rai yake. A watan Afrilun 2022 mutum 29 suka rasu a ƙaramar hukumar Shagari da jirginsu ya kife, yawancinsu yara da matasa. Ranar 17 ga Agustan 2025 wani jirgi ɗauke da mutum sama da 50 ya kife a kan hanyar kasuwar Goronyo. Abin da ake yawan samu a irin waɗannan haɗurra bai wuce uku ba: lodi fiye da kima, tsohon jirgi, da rashin rigar ruwa. Ƙaramin kwalekwalen 'yan fatsa ma waɗannan ukun ne ke cinye shi.

Kafin kowa ya shiga, ka leƙa cikin jirgin. Ɗan ruwa a ƙasa ba komai ba ne ga jirgin katako. Ka sa a kwarfe shi tas, ku tsaya minti 10, ka sake dubawa. In ya dawo da yawa, jirgin na yoyo. Ka danna katakon ƙasa da babban yatsa, musamman inda aka yi faci da kwano ko aka cusa tsumma da kwalta. Katakon da ya lotsa ya ruɓe. Ka tabbatar akwai filafili biyu, da doguwar sandar tuƙi, da ƙwarya ko yankakkiyar jarka ta kwarfe ruwa, a ɗaure ta da igiya don kada ta bi ruwa.

Sai lodi. Bayan kowa ya zauna da kayansa, ka auna daga fuskar ruwa zuwa bakin jirgi. In bai kai taƙi guda ba, wani ya sauka. Za a ji kunya, wani zai ce ai ƙetaren nan ne kawai, wani ya ce Allah ne ke tsarewa. Allah ne ke tsarewa, shi ya sa ya ba mu ido. Kuma kada jirgin fatsa ya koma na haya: da an ga za ku ƙetare, mai babur zai zo, mai buhun gero zai zo, mai akuya zai zo. Ka ba su haƙuri tun kafin su ɗora.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ta wajabta sanya rigar ruwa, ta hana lodi fiye da kima, ta kuma hana tafiya daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Ba lallai ka ga jami'inta a mashayar ƙauye ba, don haka aikin ya dawo kanka. Ka sayi rigarka a Sakkwato ko Kano ka ajiye. Ka ɗaure dukkan maɗauranta, ka sa abokinka ya kama kafaɗunta ya ja sama. In ta haura kunnenka, ta yi yawa, a ruwa za ta fice ta bar ka. Rigar da aka zauna a kai don katako na da tauri ba ta da amfani.

In babu riga fa? Jarkar lita 20 wadda ba komai a ciki, murfinta a ɗaure gam, tana iya ɗaga nauyin kusan kilo 20 a ruwa, alhali rigar ruwa ta manya kilo 10 zuwa 15 take ɗagawa. Kowa ya samu tasa, a sa mata madaukin igiya da hannu zai shiga, a ajiye a gaban mai ita ba tare da an ɗaure ta da jirgi ba. Dabarar goran masunta ce da ake gani a bikin Argungu. Sai dai jarka ba ta kai riga ba, don wanda ya suma ko ya firgita zai sake ta. Yara ƙanana kuwa, in ba rigar da ta yi daidai da su, a bar su a tudu.

Tufafi ma lissafi ne. Babbar riga da rawani da takalmin roba mai tsawo duk suna jan mutum in sun sha ruwa. Ka sa 'yar shara da wando mara nauyi, da malafa saboda rana. Waya a ƙulle ta cikin leda biyu.

Na biyar: zama a jirgi

Ɗaya bayan ɗaya ake shiga, a taka tsakiya, a sunkuya. Mai nauyi ya zauna tsakiya. Daga nan matuƙi ne shugaba, ko da ɗan cikinka ne. Ba a miƙewa, ba a sauya wuri, kuma in wani ya kamo babba kada kowa ya karkato don kallo, nan ne ƙaramin jirgi ke shan ruwa ta gefe. In za a ƙetare, matuƙin ƙwarai kan hau sama kaɗan ya bar ruwa ya sauko da shi mashaya, kada ka matsa masa ya yanke kai tsaye. Da hadari ya haɗu a gabas ko iska ta juya da sanyi, a nufi gaɓa mafi kusa, a kwantar da sandunan fatsa saboda tsawa.

Na shida: fatsar kanta

Kayan ba su da tsada: sandar gora mai tsawon mita 3 zuwa 4, zare, ƙugiyoyi manya da ƙanana, 'yar dalma, da guntun tsohon silifas a matsayin abin da zai yi iyo ya nuna maka cizo. Karfasa tana kiwo a gefen burugu da bado, ba ta da zurfi, bakinta ƙarami ne, tana son ƙaramar ƙugiya da tana ko gara ko curin dusa. Tarwaɗa da ragon ruwa a ƙasa suke, da ƙamshi suke farauta, don haka a ƙara dalma, a sa hanjin kaza ko ɗan ƙaramin kifi, a jefa inda ruwa ya lafa a bayan kwana ko gindin itacen da ya faɗi. Watsa ɗan jiƙaƙƙen dusa a wurin tun da farko yana tara su. In abin iyon ya yi rawa, ka dakata, sai ya nutse ka fizga.

Masana za su ce maka tarwaɗa da dare ta fi ci, kuma gaskiyarsu ce. A wannan yanki, a wannan zamani, ka bar wa dare tarwaɗarsa. Fitowar rana zuwa hantsi ya ishe ka, ka kuma tsara yadda La'asar za ta same ka a gari.

Ƙurungu na da ƙayoyi uku masu kullewa, ɗaya a baya biyu a gefe, sukarsu na da zafi ƙwarai. Ka kama shi da tsumma daga bayan ƙayoyin. Minjirya kuwa, mai santsin jiki da ba ta da ƙaya a baya, kada ka taɓa ta da hannu: girgizar da take yi na iya sa mutum ya zabura ya kifar da jirgi. Yanke zaren ya fi. In ƙugiya ta shige yatsa har ƙarinta ya nutse, kada a ja ta baya, a yanke zaren a naɗe a tafi asibiti, a nemi allurar rigakafin sandarewar jiki.

Abin da ba a yi: zuba guba irin su gamalin, jefa nakiya, ko sa lantarki a ruwa. Dokar kamun kifi ta ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta hana su duka, kuma ruwan nan shi mutane da shanu ke sha. Tatse tafki da gidan sauro ma ɓarna ce, yana kwashe 'ya'yan da za su zama kifin baɗi. Ƙanana a mayar. In ƙugiyarka ta sarƙe da kallin wani, ka yanke zarenka, kada ka yanke kallinsa.

In jirgi ya kife

Jirgin katako da ba shi da inji ko kaya masu nauyi yakan ci gaba da iyo ko ya cika da ruwa, don haka a riƙe shi, kada a yi kokawar hawa. Wanda ruwa ya raba da jirgi ya rungumi jarkarsa, ya kwanta rigingine, ƙafafu suna gaba, ya bi ruwa yana karkata zuwa gaɓa a hankali. Yin gaba da igiyar ruwa ƙarar da ƙarfi ne kawai.

Na tudu kada ya yi tsalle ya faɗa. Mai nutsewa yakan ƙanƙame wanda ya zo ceto su tafi tare. A miƙa masa sandar tuƙi, ko a jefa jarka da igiya. In an fito da shi ba ya numfashi, a daina abin nan na ɗaga shi ƙafa sama ko danna ciki don ruwa ya fita, ɓata lokaci ne. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hanci a hura masa iska a baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 da sauri, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa. In ya farfaɗo, a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi, a kai shi babban asibitin Isa ko na Sabon Birni ko da ya ce ya warke, don ruwan da ya shiga huhu kan tayar da ciwo bayan sa'o'i.

Bayan an dawo

Ka biya matuƙi cikakke, ka ware wa Sarkin Ruwa nasa daga abin da aka samu. Kifi a fasa cikinsa a wanke tun a mashaya in rana ta yi zafi, a dafa ko a banda shi a ranar. Ka yi wanka da sabulu da ruwan rijiya. Tafkunan fadama na ɗauke da tsargiya, wadda ke shiga ta fata daga dodon koɗin da ke cikin ciyawa. In bayan wasu makonni ko watanni ka ga jini a ƙarshen fitsari, kai ko yaron da ya raka ka, a je a gwada. Maganinta praziquantel ne, kuma da awon nauyi ko tsayin mutum ake ba da shi, don haka a bar ma'aikacin lafiya ya ƙayyade.