Ziyarar Gidan Tarihi na Yamai

A tsakiyar birnin Yamai, bisa wani tudu kusa da kogin Isa, akwai Gidan Tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama. An kafa shi a shekarar 1959. Wurin babban lambu ne, cike da itatuwa masu inuwa. Mai ziyara yana bin ƙananan hanyoyi, ya hau, ya gangara. Zai ga zaki da kura da dorina. Zai ga masaƙa da maƙera suna aiki.

Cikin lambun an adana wani busasshen itace. Shi ne itacen Tenere. A da, shi kaɗai yake tsaye cikin hamada, ayarin raƙuma na gane hanya da shi. A 1973, wata babbar mota ta kayar da shi.

Itacen Tenere ya mutu, amma itatuwan lambun suna da rai. Saiwoyinsu na riƙe ƙasar tudu, don kada ruwan damina ya kwashe ta zuwa kogi. Yara, in kun je, kada ku karya reshe ko ɗaya.

Tambayoyi
1. A ina Gidan Tarihi yake?
2. Mi ya sami itacen Tenere?
3. Wane aiki saiwoyi ke yi bisa tudu?